Cutar mantuwa: Abin da yawan ambaton binciken Farfesa Gill Livingston ke nunawa, da abin da yake ɓoyewa

Abubuwa biyu sun faru a fagen binciken cutar mantuwa a tsakiyar shekarar 2024, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai mako shida ba.

A ƙarshen watan Yuni, mujallar kimiyya ta Nature ta janye wata maƙala a kan cutar Alzheimer da ta wallafa tun 2006, bayan an gano cewa an yi wa hotunan da ke cikinta kwaskwarima. Kafin a janye ta, masana sun riga sun kafa hujja da ita kusan sau 2,500.

A ranar 31 ga watan Yuli kuma, mujallar likitanci ta Lancet ta fitar da rahoto na uku na wani kwamitin ƙwararru da Farfesa Gill Livingston ta jami'ar UCL da ke Landan take jagoranta. Rahoton da ya gabace shi, na 2020, an ambace shi fiye da sau dubu goma a ma'aunin Google Scholar, adadin da akasarin masana ba sa tarawa a duk tsawon aikinsu.

Idan da alƙaluman ambato kaɗai za a yi hukunci, to ayyukan biyu duk zakaru ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa a sake duba ma'aunin, musamman a cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 57 ne ke fama da ita a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki.

Cutar ita ce wadda ake kira gigin tsufa a gidajenmu, ko a ce tsoho ya ruɗe. Likitoci kuwa sun dage cewa ba tsufa ba ne kawai: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali, har mutum ya kasa gane 'ya'yansa ko hanyar gidansa. Alzheimer ita ce nau'in da ya fi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100.

Yadda ake ƙirga darajar masani

Duk lokacin da wani mai bincike ya rubuta maƙala, yakan jera ayyukan da ya dogara da su. Kowane suna da ya shiga jerin nan ya samu ambato ɗaya. Eugene Garfield, wani Ba'amurke, shi ne ya fara tattara waɗannan ambato a kundi guda a shekarun 1960, da nufin sauƙaƙa wa masu bincike gano wanda ya yi aiki a kan me.

Daga baya abin ya koma sikeli. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya kawo abin da ake kira ma'aunin h. Idan aka ce ma'aunin masani 40 ne, ana nufin yana da maƙala 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Yau da wannan lamba ake duba mai neman ƙarin girma, da mai neman kuɗin bincike, da jami'ar da ke son hawa jerin gwanaye. Malaman jami'o'in Najeriya ma sun san zafin abin, domin ana tambayarsu ko mujallar da suka yi wallafa tana cikin kundin Scopus.

Sikelin bai damu da dalilin ambato ba. Wanda ya yabi maƙala da wanda ya ƙaryata ta, da wanda bai karanta komai ba sai taƙaitawar farko, duk ƙuri'a ɗaya suke jefawa.

Lambar da ta zagaye duniya

Gill Livingston likitar ƙwaƙwalwa ce da ta ƙware a kan tsofaffi, kuma ta daɗe tana haɗa koyarwa da duba marasa lafiya a asibitocin gwamnati na arewacin Landan. Sunanta ya fita daga da'irar abokan aikinta ne a 2017, lokacin da kwamitin Lancet ya fitar da rahotonsa na farko.

Rahoton ya zo da magana mai sauƙin riƙewa. Ya ce kimanin kashi 35 cikin 100 na masu kamuwa da cutar suna da alaƙa da abubuwa tara da za a iya magancewa: ƙarancin ilimi a ƙuruciya, raunin ji, hawan jini, ƙiba, shan taba, ciwon damuwa, rashin motsa jiki, kaɗaici, da ciwon suga.

A 2020 aka ƙara uku, wato yawan shan barasa, buguwa a kai, da gurɓatacciyar iska, lambar ta koma kashi 40. A 2024 aka ƙara yawan mugun kitsen jini nau'in LDL da raunin gani da ba a yi maganinsa ba. Abubuwan suka zama 14, lambar ta kai kashi 45. A lissafin na baya-bayan nan raunin ji da kitsen jini ne kan gaba da kashi bakwai-bakwai, sai ƙarancin ilimi da kaɗaici da kashi biyar-biyar.

Ba abin mamaki ba ne da rahotannin suka sha ambato. An shafe shekaru ana gwada magunguna suna faɗuwa, iyalai suna jin cewa cutar ƙaddara ce da ba a iya yi mata komai. Sai ga takarda daga babbar mujalla tana cewa akwai abin yi, kuma ta ba da lamba. Duk ɗalibin digirin digirgir da zai rubuta wani abu a kan tsufa yana buƙatar jimla ɗaya a sakin layi na farko da za ta nuna muhimmancin aikinsa, rahoton Lancet kuma ya tanadar masa ita. Likitan kunne zai ɗauka, likitan ido zai ɗauka, mai binciken hayaƙin motoci ma zai ɗauka. Kowane abu da aka ƙara cikin jerin yana jawo wani sabon fanni da zai riƙa ambaton rahoton.

Akwai kuma abin da ya shafi irin rubutun. Rahoton kwamiti tattara binciken wasu ne da tace shi, kuma an daɗe da sanin cewa irin waɗannan maƙaloli na bita sun fi sabon bincike samun ambato. Mutum 28 ne suka sa hannu a na 2020, 27 a na 2024, kuma kowane ɗayansu yana samun ambaton gaba ɗaya a shafinsa, ba a raba musu.

Wannan bai rage wa aikin daraja ba. Tace dubban bincike har a fitar da abin da minista zai iya karantawa aiki ne mai wuya, kuma rahotannin sun taimaka wajen sauya yadda gwamnatoci ke magana a kan cutar, daga jiran magani zuwa rigakafi.

Abin da kashi 45 bai ce ba

Matsalar tana farawa ne idan lambar ta bar hannun masu ita. A kanun labarai takan koma "ana iya kauce wa rabin cutar mantuwa", wani lokaci har a nuna kamar mutum zai rage haɗarinsa da rabi idan ya bi shawarwari 14.

Lissafin ba na mutum ɗaya ba ne, na al'umma ne baki ɗaya. Yana kuma tsaye ne a kan sharuɗɗa biyu masu nauyi. Na farko, a ce an kawar da abubuwan nan 14 kwata-kwata, babu mai hawan jini ko ɗaya, babu wanda ya rasa makaranta, babu hayaƙi a iska. Babu ƙasar da ta taɓa yin haka. Na biyu, a ce kowane ɗayansu shi ne ke haddasa cutar, ba tafiya tare da ita kawai yake yi ba.

Sharaɗi na biyun ne masana suka fi jayayya a kai. Cutar takan fara ɓarna a ƙwaƙwalwa shekaru da yawa kafin a gane ta. Tsohon da ya daina zuwa majalisa ya koma zaman ɗaki, kaɗaicin ne ya jawo masa cutar, ko cutar ce ta fara sa shi gudun mutane? Haka ma ciwon damuwa. Kwamitin da kansa ya amince da wannan sarƙaƙiya a cikin rahotannin, ya kuma yi amfani da kalmar "mai yiwuwa". Sai dai masu ambato ba kasafai suke ɗauko wannan ɓangaren ba.

Batun ji ya nuna yadda abin yake. A 2023 aka wallafa sakamakon wani gwaji a Amurka mai suna ACHIEVE, wanda Frank Lin na jami'ar Johns Hopkins ya jagoranta. An raba tsofaffi 977 gida biyu, aka bai wa rukuni ɗaya na'urar ƙara ji, aka bi su shekara uku. Da aka duba su gaba ɗaya, babu bambanci a saurin raguwar ƙwaƙwalwa. Sai a cikin wani ƙaramin rukuni na waɗanda suka fi tsufa da yawan cututtuka ne aka ga raguwar ta yi sauƙi da kashi 48. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma bai rufe magana ba.

A wannan shekarar dai, mujallar Lancet Public Health ta wallafa wata maƙala, ba ta Livingston ba, da ke cewa na'urar ƙara ji tana kare mutane daga cutar. Jaridu suka yi ta yayatawa. Kafin shekarar ta ƙare aka janye ta, bayan wani mai bincike a Edinburgh ya kasa samun sakamako iri ɗaya daga bayanan, aka kuma gano kuskure a yadda aka rarraba mutanen.

Aikin da bai yi ƙara ba

Wanda ya duba jerin ayyukan Livingston daga sama zai ga rahotannin Lancet uku. Sai ya gangaro sosai kafin ya iske wata maƙala ta 2013 a mujallar BMJ, wadda ambatonta ɗaruruwa ne kawai. Ana iya cewa ita ce ta fi kusa da ɗakin mara lafiya.

Maƙalar ta shafi wani shiri mai suna START, kuma ba mai cutar aka yi wa shi ba, an yi shi ne domin ɗan uwan da ke jinyarsa. Duk wanda ya taɓa zama da mai wannan lalura ya san nauyin. Uwa ta tambayi abu ɗaya sau ashirin, ta zargi 'yarta da sata, ta tashi cikin dare tana neman mijin da ya rasu shekara goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar ta ci wa duniya dala tiriliyan 1.3 a 2019, kusan rabi kuma darajar aikin da 'yan uwa ke yi ne ba tare da biya ba. Mata ne ke ɗaukar kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar.

Livingston da abokan aikinta suka ɗauki masu jinya 260, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya ya ci gaba da samun kulawar da aka saba. Ɗayan kuma aka yi masa zama takwas, mutum da mutum, ana bin wani littafin jagora. A zaman ana bayyana wa mai jinya mece ce cutar, da yadda zai lura da abin da ke tayar wa mara lafiya hankali kafin rikici ya ɓarke, da yadda zai yi da tunanin da ke sa shi ganin laifin kansa, da tsara abin da ke tafe, da kuma ware wa kansa ɗan lokacin hutu.

Waɗanda suka gudanar da zaman ba likitoci ba ne. Matasa ne masu digirin farko a nazarin halayyar ɗan Adam, aka horar da su, ƙwararre yana sa musu ido. Wannan shi ya sa shirin bai yi tsada ba.

Bayan wata takwas, fargaba da damuwa sun ragu a rukunin da aka yi wa zaman. Bayan shekara biyu, yiwuwar samun ciwon damuwa a rukunin da bai samu ba ta ninka ta ɗayan kusan sau bakwai. Da aka koma bayan shekara shida, bambancin yana nan, kusan ninki biyar. Zama takwas ne kawai, babu ƙwaya ko allura.

Dalilin ƙarancin ambatonta a fili yake. Masu binciken jinya ba su kai masu binciken ƙwayoyin halitta da magunguna yawa ba, kuɗin da ake zuba musu ma kaɗan ne. Waɗanda suka fi amfana da irin wannan aiki, wato ma'aikatan jinya da jami'an walwala da 'yan uwa, ba sa rubuta maƙala, don haka ba su da ƙuri'a a sikelin. Matar da ta samu barci bayan zama takwas ba za ta bayyana a Google Scholar ba.

Akwai ma aikin da ya fi wannan rashin gata. A 2019 tawagar Livingston ta wallafa sakamakon gwajin MARQUE, inda aka horar da ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi a Ingila don rage tashin hankalin masu cutar. Horon bai rage shi ba, kuma haka suka rubuta. Tana kuma cikin masanan da suka yi wani gwaji da Sube Banerjee ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2011, da ya nuna cewa magungunan damuwa biyu da ake yawan rubuta wa masu cutar ba su fi ƙwayar bogi amfani ba, ga kuma illa. Irin wannan sakamako yana hana ɓarnar kuɗi da wahalar da tsofaffi, amma ba ya cikin abin da ake tunawa da masani.

Darasin Minnesota

Maƙalar da Nature ta janye kuwa, Sylvain Lesné na jami'ar Minnesota ne marubucinta na farko, a ɗakin binciken Karen Ashe. Ta yi iƙirarin gano wani nau'i na sinadarin amiloyid da ke lalata tunani idan aka yi wa ɓeraye allurarsa. Shekara 16 ana ambatonta, duk da cewa wasu ɗakunan bincike sun yi ta fama ba su iya gano sinadarin ba.

Matthew Schrag, wani likitan jijiyoyi a jami'ar Vanderbilt, shi ne ya lura da alamun yanka da liƙi a hotunan, ɗan jarida Charles Piller kuma ya fallasa batun a mujallar Science a watan Yulin 2022. Sai da aka ƙara shekara biyu kafin a janye ta. Ashe ta amince an taɓa hotunan, amma ta dage cewa sakamakon yana nan daram. Lesné bai amince da janyewar ba, daga baya ya bar jami'ar.

Masana da dama sun ce ba a kan wannan maƙala kaɗai aka gina ra'ayin amiloyid ba, ya girme ta da shekaru. Maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 yana share sinadarin, ya kuma rage saurin cutar da kashi 27 cikin wata 18 a gwaji. A 2023 an sa farashinsa dala 26,500 a shekara, kuma hukumar da ke tantance magunguna domin asibitocin gwamnati a Ingila ta ce amfaninsa bai kai kuɗinsa ba. Duk da haka, ambato 2,500 bai sa wani ya buɗe hotunan ya duba ba. Mutum ɗaya ne ya yi, a lokacin da ya keɓe wa kansa.

Su ma masu riƙe da sikelin sun fara ɗari-ɗari. Kamfanin Clarivate, mai fitar da jerin masanan da aka fi ambato a duniya, ya cire fiye da mutum dubu daga jerin 2023 saboda dalilai irin su yawan ambaton kai da haɗa baki wajen ambaton juna.

Bayanan wa aka ƙirga?

Kashi 45 ɗin ya fito ne galibi daga binciken da aka yi a kan fararen fata na ƙasashe masu arziki, kuma kwamitin bai ɓoye hakan ba. A 2019 Naaheed Mukadam, abokiyar aikin Livingston, ta sake lissafin da bayanan wasu ƙasashe a kan abubuwa tara na farko. Ta samu kashi 40 a Sin, 41 a Indiya, 56 a Latin Amurka, duk sama da kashi 35 na duniya. Babu Afirka a ciki.

Ga shi kuma nan ne cutar za ta fi ƙaruwa. Ƙungiyar Alzheimer's Disease International ta ƙiyasta cewa masu ita a Afirka kudu da Sahara za su tashi daga miliyan 2.13 a 2015 zuwa miliyan 7.62 a 2050, saboda mutane suna ƙara tsawon rai.

Ba wai babu bincike ba ne. Farfesa Adesola Ogunniyi na jami'ar Ibadan, wanda yana cikin mutum 28 da suka rubuta rahoton 2020, ya shafe shekaru a wani aiki da aka fara a 1992, ana kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis na Amurka. Sakamakon da mujallar JAMA ta wallafa a 2001 ya nuna kashi 1.35 na tsofaffin Ibadan ne ke kamuwa a shekara, na Indianapolis kuwa kashi 3.24. An kuma lura cewa ƙwayar gadon nan ta APOE4, wadda ke ƙara haɗarin cutar sosai a Turawa, tasirinta ya fi rauni a Yarabawa. Wannan kaɗai gargaɗi ne cewa lissafin Landan ba lallai ya zauna daidai a ko'ina ba.

A arewa kuwa aikin bai taka kara ya karya ba. Binciken da aka fi kafa hujja da shi shi ne wanda aka yi a Zariya aka wallafa a 2011, a kan tsofaffi 322, inda aka samu kusan kashi uku cikin 100 suna da cutar. Mutum 322 ba za su iya wakiltar yankin da ke da miliyoyin tsofaffi ba, inda ƙarancin karatun boko da hawan jinin da ba a sha masa magani da yanar ido suka yi yawa, inda kuma tsohuwar da ta ruɗe takan gamu da zargin maita ko a ce aljanu ne kafin wani ya yi tunanin asibiti.

A irin wannan wuri, cikin ayyukan Livingston biyu, wanda ya fi sauƙin ɗauka shi ne wanda ba a cika ambato ba. Tsaftace iskar Kano ko samar wa kowane tsoho na'urar ji aikin shekaru ne da biliyoyi. Zama takwas da littafin jagora kuwa abu ne da za a iya koya wa ma'aikacin lafiya na matakin farko, idan an fassara shi aka daidaita shi da gidan da suruka ko jika ce ke jinya, sannan aka gwada aka ga yana aiki a nan ɗin ma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da nata shirin mai kama da shi, iSupport, wanda ta bari kyauta ga duk ƙasar da ke son fassarawa.

Matashin malamin da zai ɗauki wannan aiki a Zariya ko Sakkwato zai shafe shekaru a kai, ya fito da maƙala ɗaya ko biyu da ƙila mutum talatin za su ambata. Abokinsa da ya shiga jerin marubutan wata babbar maƙalar ƙididdiga ta duniya, cikin ɗaruruwan sunaye, zai iya tara ambato dubu kafin shekara ta zagayo, kuma shi kwamitin ƙarin girma zai fara gani.